Hukuncin Barin Tsohuwar Koma da Leda a Kogi

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni masunci ne a Maiurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Idan koma ta yage mukan bar ta a ruwa, leda ma haka. Yanzu muna tarar da ɓurɓushin roba a hanjin kifi, an ce har zuciyarsa yake taɓawa. Muna da laifi? Kifin kuma ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kifin halal ne. Allah ya halatta mana abin da aka kama a ruwa a Suratul Ma'ida, aya ta 96, Annabi (SAW) kuma ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Roba ba najasa ba ce, don haka ba a kiyasta wannan kifi da dabbar da ke kiwo a kan ƙazanta. A fitar da hanjin, a wanke sosai. Wanda kuma ka ga alamar ciwo a jikinsa, kada ka ɓoye wa mai saye.

Maganar koma ita ta fi damuna. Zaren nailan ba ya ruɓewa kamar zaren auduga da kakanninmu suka yi su da shi. Rana da ruwa ne ke marmasa shi har ya koma ƙasa da milimita 5. Kifi ya haɗiye, mafi ƙanƙanta kuma su ratsa cikin jininsa. Masana da suka gwada a kan ƙananan kifaye sun ga bugun zuciya ya sauya, ruwa ya taru a kewayenta. 'Ya'yan kifin da suka tashi a haka, me ɗanka zai kama gobe a kogin Nilu? Kafin ma ta marmashe, komar da aka yasar tana ci gaba da kama kifi yana mutuwa a banza, babu mai ci.

Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, alhali fitsari yana gushewa. Ina ga abin da zai yi shekara da shekaru? Ya kuma ce babu cuta, babu cutarwa. Saboda haka jefa koma ko leda a kogi da gangan, bayan ka san illarsa, haramun ne. Wadda ta maƙale a ƙasan ruwa ka kasa cirowa, babu laifi a kanka. Abin da ya wuce cikin rashin sani, ka yi istigfari, ka riƙa ajiye buhu a kwalekwale kana fitowa da tarkacen zuwa tudu.

Allah ne mafi sani.