Tsofaffin bajon katun da mujallun komik: yadda ake gane darajarsu kafin a sallama

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma a ƙarshen mako nakan je gwanjon kayan gidajen da masu su suka rasu ko suka tashi. Kwanan baya na sayi wani kwali mai ɗauke da bajo kusan arba'in, irin masu fil a baya da ake maƙalawa a riga, kowanne da hoton ɗan katun, tare da mujallun komik, wato masu labarai cikin zane-zane, kusan ɗari biyu. Yawancin bajon ƙanana ne an rubuta Pep a bayansu, wasu kuma manya ne masu 'yar takarda a ciki. Daga cikin mujallun akwai waɗanda aka rubuta senti 12 a bangonsu, takardarsu ta yi ja, akwai kuma sababbi dal masu sheƙi a cikin leda. Wani mai shago ya taya kwalin duka a dunƙule. Shin in sallama masa? Kuma zan iya goge tsatsar bajon, in liƙe mujallun da suka yage da salatif kafin in sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai haɗari. Kada ka goge komai, kada ka shafa mai ko ruwa a kan bajon, kuma kada salatif ya kusanci mujallun nan. A wannan sana'a mai saye yana biyan kuɗi ne don ya sami abu kamar yadda ya fito daga hannun masu yinsa, kuma yagewar da aka bari yadda take ta fi yagewar da aka liƙe daraja a wurinsa. Danƙon salatif yakan ratsa takarda bayan 'yan shekaru ya bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Shi kuma ƙaramin bajo, fentinsa a kan ƙarfen yake kai tsaye, saboda haka abin da zai cire tsatsar zai tafi da hoton.

Game da tayin mai shago, shawarata ita ce ka dakata har sai ka san abin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya. Ba ina zarginsa da cuta ba ne. Dillali yana saye ne don ya sayar, dole ya bar wa kansa riba, kuma idan ya taya kaya a dunƙule, sau da yawa ya hango abu biyu ko uku ne a ciki waɗanda za su mayar masa da kuɗinsa, sauran kuma gyara ne a wurinsa. Aikinka shi ne ka gano waɗannan biyu ko ukun.

Bajo mai fil a baya, irin wanda muka sani yau, ya fara ne a 1896, lokacin da kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark a jihar New Jersey ya yi rajistar fasaharsa. Yadda suke yi shi ne a buga hoto a takarda, a rufe shi da wata roba mai garai-garai ta zamanin da ake kira seluloyid, a naɗe su biyun a kan faifan ƙarfe, sannan a matse da zobe ta baya. A wannan shekarar aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin McKinley da Bryan, wanda ya yaɗa bajon a ko'ina, kuma a wannan lokacin ne kamfanin da ke yin sigarin High Admiral ya riƙa raba bajo mai hoton Yellow Kid, yaron nan mai doguwar riga rawaya da Richard Outcault yake zanawa a jaridun New York. Manyan da ka ce suna da 'yar takarda a ciki wannan ƙirar ce. Takardar nan kada ka cire ta ko da ta tsufa ta yi dauɗa, domin a kanta ake samun sunan kamfanin da ya ƙera bajon da garinsa, wani lokaci har da shekarun rajista, kuma ita ce shaidar farko da masana suke dubawa. Cutar irin wannan bajo ita ce laima: idan ta shiga, ƙarfen ciki yakan yi tsatsa, ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa su bayyana a fuskar hoton ta ƙarƙashin robar, kuma babu gyaran da ake yi musu. Seluloyid kuma yana tsagewa da zafi, yana kama wuta da sauri, don haka a nisanta shi da rana da murhu.

Ƙananan masu rubutun Pep kuwa labarinsu sananne ne. Kamfanin Kellogg's ne ya riƙa saka su kyauta a cikin kwalin abincin karin kumallo mai suna Pep daga 1945 zuwa 1947. An fitar da su kashi biyar, kowane kashi guda 18, amma da yake Superman ya fito a kowane kashi, cikakken jerin ya tsaya a guda 86. A ciki akwai Popeye da Dick Tracy da Orphan Annie da Flash Gordon da sauransu. Faɗinsu bai kai inci ɗaya ba, kuma babu takarda ko roba a jikinsu, fenti ne kawai a kan gwangwani, shi ya sa suke saurin ƙarcewa idan aka zuba su wuri guda suna gogar juna. An yi su da yawan gaske, saboda haka mafi yawansu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma akwai kaɗan da suka fi wuyar samu, irin su Felix the Cat da Phantom, waɗanda masu neman cika jerinsu suke biya da kyau. Ka jera naka ka ga ko akwai waɗannan, ka kuma ware waɗanda fuskarsu ba ta da ƙarce ko kaɗan, domin bajo ɗaya mai tsabta yakan ninka ɗan'uwansa mai ƙarce sau da yawa.

Wajen gane shekaru da tace jabu, ka sami gilashin ƙara girma ka karanta ƙananan rubutun da ke zagaye da gefen bajon, inda ake sa sunan mai haƙƙin zanen. Idan na Mickey Mouse ne, rubutun Walt Disney Enterprises yana nuna shekarun 1930, shi kuwa Walt Disney Productions ya ci gaba da fitowa har tsakiyar shekarun 1980, don haka ganinsa kaɗai ba ya tabbatar da tsufa. Idan ka ga adireshi mai lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, abin bai girmi 1963 ba, domin a shekarar aka fara amfani da wannan lamba a Amurka. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita ma tana da amfani: takardar zamani takan yi ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin farantawa da ake zuba mata, tsohuwar takarda ta kafin shekarun 1950 kuwa ba ta yi. Dokar Amurka ta 1973 da ta wajabta sa alama a kan kwaikwayo ta shafi kayan siyasa da tsabar kuɗi ne, ba ta kare mai sayen bajon katun ba, saboda haka idonka ne kariyarka.

Mu koma kan mujallun, inda nake ganin za ka fi samun abin mamaki, domin waɗanda ka ɗauka su ne masu daraja, wato masu sheƙi a cikin leda, mai yiwuwa su ne mafi araha a kwalin. Dalilin yana cikin tarihin abin. Lokacin da bugu na 1 na mujallar Action Comics ya fito a 1938 da labarin Superman na farko, senti goma ake sayar da shi, an buga kwafi wajen 200,000, kuma babu wanda ya ɗauke shi abin ajiya. Yara sun karanta sun yar, an kwashe tulin takardu don sake sarrafawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka yi guguwar ƙyamar komik wadda ta kai ga ƙona su a wasu garuruwa da kafa hukumar tace su a 1954. Abin da ya rage na wannan fitowa a yau ana ƙiyasta shi da kwafi ɗari ko kusa da haka, shi ya sa aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 3.2 a eBay a 2014, wani kuma dala miliyan 6 a gidan gwanjo na Heritage a 2024. Da labarin irin wannan tsada ya bazu, sai mutane suka shiga sayen sababbin komik suna ɓoyewa a leda da niyyar kasuwanci, kamfanoni kuma suka biya musu buƙata. X-Men na 1 na 1991 an buga fiye da kwafi miliyan takwas, haka nan fitowar mutuwar Superman ta 1992 an saye ta da miliyoyi. Kowa ya ajiye nasa da kyau, kuma abin da kowa ya ajiye ba ya tsada.

Masu senti 12 su ne za ka zauna a kansu. Wannan farashi yana nuna tsakanin 1962 da 1969, shekarun da Spider-Man da X-Men da Iron Man suka fara fitowa. Ka buɗe bangon a hankali ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko cikin bangon, nan ne ainihin sunan mujallar da lambarta da shekararta suke, kuma nan ne ake gane sake bugu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 1974 an sake buga Action Comics na 1 a babban girma, kuma an sha cire masa bangon waje a sayar wa marasa sani da sunan na asali. A cikin jerin mujalla guda, lambar da wani sanannen jarumi ya fara bayyana a cikinta takan fi waɗanda ke gabanta da bayanta tsada nesa ba kusa ba. Ka ƙirga shafuka, ka tabbata shafin tsakiya yana nan, ka kuma duba ko an yanke wani abu. Misalin da kowa ya sani shi ne Incredible Hulk na 181 na 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa: akwai wani ɗan hoto kamar kan sarki a ciki da yara suka riƙa yankewa suna tarawa, kuma kwafin da aka yanke wa shi yana rasa babban kaso na kuɗinsa ko da bangonsa yana da kyau.

Idan ka sami wadda ake nema, akwai kamfanin CGC a Sarasota ta jihar Florida, wanda tun 2000 yake auna lafiyar mujalla daga maki 0.5 zuwa 10, ya rufe ta a akwatin roba da takardar shaida. Shuɗiyar takarda tana nufin ba a ga alamar gyara a jikinta ba, mai launin shunayya kuwa tana nufin an yi mata gyara, kuma masu saye suna rage kuɗi sosai idan suka gan ta. Ka ga dalilin da ya sa na hana ka gyara komai. Amma aunawar kuɗi ake biya a kan kowace mujalla, ga kuɗin aikawa, don haka ba ta dace ba sai ga 'yan kaɗan da kuɗinsu zai ɗauki nauyin.

Wajen sanin farashi, littafin Overstreet da ake fitarwa tun 1970 yana taimakawa wajen gane lambobi masu muhimmanci, amma kasuwa ba ta bin littafi sau da ƙafa. Abin dogaro shi ne farashin sallama. A eBay kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama a kan kayansa ya bar shi shekara ba a taya ba, saboda haka ka zaɓi jerin kayan da aka riga aka sayar, ka nemi mai irin lafiyar naka. Idan wani bajo ya fita daban, gidan gwanjon Hake's da ke York ta jihar Pennsylvania, wanda Ted Hake ya kafa a 1967, ya daɗe da ƙwarewa a kan irin wannan kaya, sai dai ka tambayi la'adarsu tukuna. Lokacin da za ka sa kaya a kasuwa kuma, ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe, ka faɗi kowane aibi da bakinka. Wannan haƙƙin mai saye ne, kuma masu tara irin waɗannan abubuwa sun san juna, wanda ya ɓoye tsaga sau ɗaya ba ya sake samun amincewarsu.

Kafin ka gama tantancewa, ajiya ce za ta kare maka dukiyar. Sanannen tarin Edgar Church da aka gano a Denver a 1977, mai mujallu dubbai, ya yi suna ne saboda busasshiyar iska mai sanyi ta garin ta bar takardunsa farare bayan shekaru kusan arba'in. Ka sa kowace mujalla a ledarta da kwali marar asid a bayanta, ka tsayar da su a akwati a ɗakin da ba zafi ba laima, ba a ƙarƙashin gida ko saman silin ba. Kowane bajo ma a ba shi 'yar ambulan tasa. Idan kana tunanin kai wasu gida, ka tuna cewa laimar damina da gara da zafin bazara za su iya lalata cikin shekara biyu abin da ya shekara sittin lafiya, masu sayensu kuma a nan Amurka suka fi yawa.

Bayan ka ware 'yan ƙalilan masu daraja ka sayar da su ɗaya-ɗaya, sai ka koma wa mai shagon da ragowar, musamman na shekarun 1990 da bajon da suka ƙarce. A kansu tayin dunƙule ya dace, domin wahalar ɗaukar hoto da kuɗin aika kowanne za su cinye ribar.