Amsa: gargaɗin -Wsign-compare a binary search

Ɗan'uwa, ka ce GCC (manhajar da ke harhaɗa shirin C++) na ba ka gargaɗin -Wsign-compare a binary search ɗinka, wato neman abu a jeri ta hanyar raba shi biyu-biyu. Gargaɗin na nufin an kwatanta lamba mai iya zama ƙasa da sifili da wadda ba ta iyawa, kuma daga `v.size()`, girman jerinka `v`, yake. Nau'inta `size_t` ne, ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, kai kuma `low` da `high` ɗinka (iyakokin binciken) `int` ne, mai ɗaukar ƙasa da sifili.

Kada ka yi gaggawar mayar da su `size_t` kawai. In `mid` (tsakiyar `low` da `high`) ya zama 0, `high = mid - 1` zai juye ya koma ƙatuwar lamba, shirin ya leƙa wajen jerin. Gargaɗi ya tafi, ɓarna ta shigo.

In za ka mayar da su `size_t`, yi haka: `high = v.size()`, sharaɗi `low < high`, sannan `high = mid`. Ko jerin babu komai, lafiya lau.

In C++20 kake, `std::ssize` ma ta wadatar: tana ba da girman jerin a lamba mai alama (mai ɗaukar ƙasa da sifili), sai ka ci gaba da lambobinka masu alama.