Ingirici, Harawa da Dusa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu ya ce wai mene ne bambancin ingirici da harawa, ko duk abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Ingirici ciyawa ce da aka yanka aka shanya ta bushe aka adana, harawa kuwa ganye da karan wake ko na gyaɗa ne bayan an cire 'ya'yan. To amma abin da ke damuna shi ne yadda yanzu in aka ce "abincin doki" sai hankalin mutane ya tafi kan hatsi da dusa, ciyawa kuma a ɗauke ta kamar abin rage lokaci, alhali ita ce asalin abincin. Kun taɓa jin Bahaushe ya ce doki na tuƙa? Ba ya faɗa, saniya da akuya da tunkiya ke tuƙa, kuma harshen bai yi kuskure ba, don doki ciki ɗaya gare shi, ƙarami ma, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, a can cikin babban hanji ne ciyawar ke narkewa. Shi ya sa in ka sake shi a makiyaya zai kai awa 16 a rana yana tsinka kaɗan-kaɗan. Dokin da ya kai kilo 500 yana bukatar kamar kilo 10 na busasshiyar ciyawa kullum, da ruwa mai tsabta lita 25 zuwa sama, in ana zafi ko ya yi aiki ya fi haka nesa. Ga shi ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan, don haka in aka zuba masa hatsi mai yawa lokaci guda ko aka canja masa abinci dare ɗaya, ciwon ciki ne zai biyo baya, kuma ciwon cikin doki yana kisa. Canji a hankali ake yi, cikin kwana 7 zuwa 10. Ingiricin da ya yi funfuna kuwa a zubar, yana ɓata masa numfashi.

Ita dusa ai ɓawon hatsi ce da ke fita wajen surfe ko niƙa. Ta alkama sinadarin fosfaros ya rinjayi kalsiyam a cikinta, in ta zama ita ce kullum sai ƙashin doki ya raunana har fuskarsa ta kumbura.

Wata ta tambayi kuru. Ƙaramin doki ne wanda ya gama girma a haka, kada a haɗa shi da dukushi, shi dukushi ɗan doki ne da ke kan tasowa. Kuru yana saurin ƙiba, ɗanyar ciyawa mai yawa ko hatsi na jawo masa kumburin cikin kofato har ya kasa takawa.

Sai wanda ya rubuto yana neman ma'anar "ƙanwa uwar gami". Malam, kanwa ce ba ƙanwa ba, ƙanwa ai 'yar'uwarka ce da ke bin bayanka. Wannan sakacin ya yi yawa, haka ake rubuta godiya a wurin goɗiya, ɗoki a wurin doki, ƙugiyar nan ba ado ba ce, ma'ana take rabawa. Kanwa tana shiga haɗi iri-iri, shi ya sa ake kiran mai haɗa mutane faɗa da wannan suna. Kuma tunda zancen barga muke, kanwa ba ta maye gurbin gishiri, doki yana zubar da gishiri sosai ta gumi, a aje masa wanda zai riƙa lasa.

Bari in rufe da karin maganar nan ta doki, "Ana ga doki kana ga ƙura": ana nuna maka ainihin abu kai kuma kana bin alamarsa.