Me ya sa sama take fitowa fari fat a hotunana?

Ɗan'uwa, ka ce in ka ɗauki hoton dutse ko bakin rafi da waya, sama sai ta fito fari fat, ƙasa kuma baƙi ƙirin. Kada ka yi saurin sauya waya, lokacin ɗaukar ne matsalar. Da tsakar rana idon kyamara ba ya iya riƙe tsananin haske da inuwa mai duhu a hoto guda, dole ɗaya ya ɓace.

Ka fita awa 1 bayan fitowar rana, ko awa 1 kafin faɗuwarta. Hasken yakan yi laushi, ya zo ta gefe, har tsagar jikin dutse ta bayyana. Ni na fi son na safe, iska ba ta tashi ba, ruwa yana kwance. Kafin ka danna, taɓa sama a allon wayar, ka rage hasken kaɗan har gajimare ya fito. In akwai HDR, wato tsarin kyamarar waya da ke daidaita haske da inuwa a hoto guda, kunna shi.

In kuwa hoton abubuwan da kake ƙerawa a gida za ka ɗauka, ajiye su kusa da taga, kashe fitilar ɗaki, ka jingina farar takarda a ɓangaren inuwa don ta mayar da haske.