Mutum 400 na jiran littafi ɗaya: in ƙara oda ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da komawa sashen sayen littattafai ba a wani babban laburaren gwamnati mai rassa da yawa a Kanada. Akwai wani sabon littafin labari da mutum 400 suka kama layinsa, wato suka yi rajistar jiran aronsa, mu kuwa kwafi 40 kacal gare mu. Ƙorafi ya yi yawa, shugabar sashe ta ce in rage layin kafin ƙarshen wata, abin da ya rage a kasafin bana kuma bai taka kara ya karya ba. In na sayo, ina tsoron su yi kwantai. In na ƙi, a ce ban iya aiki ba. Wallahi abin har barci yake hana ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, duk wanda ya zauna a wannan kujera ya ga irin wannan rana.

Lissafinki mutum 10 ne a kan kowane kwafi. Aro mako uku ne, ki ƙara kwanakin da littafi ke yi a mota tsakanin rassa, da kusan mako guda da yake yi a kanta yana jiran mai shi ya zo ɗauka. Kowane zagaye ya tasam ma mako biyar ke nan, na ƙarshen layi zai yi kusan shekara. Don haka ƙari ya zama dole. Manyan laburare da dama suna neman mutum 5 ko kusa da haka a kan kwafin takarda, rahoton Koha, wata manhajar tafiyar da laburare, ma daga mutum 3 a kan kwafi yake fara nuna miki littafi. Sai dai kada ki yi gaggawar cewa kwafi 40 za ki ƙara don ki sauko zuwa mutum 5 ɗin.

Fara tankaɗe layin tukuna. Cire waɗanda suka dakatar da jiransu da kansu. Duba cikin 40 ɗin nawa ne suka ɓace ko aka daɗe ba a dawo da su ba, amma kwamfuta tana ƙirga su. Duba masu layi uku a lokaci guda, na takarda da na sauti da na waya (wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta), waɗanda ɗaya suna samu za su watsar da sauran. Sannan ki kwatanta sababbin masu shiga layi a wannan mako da na makon jiya. Idan adadin ya fara sauka, kasuwar littafin ta fara watsewa, odar da za ta iso bayan wata biyu kantoci kawai za ta cika.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma kusan kullum sai na yi fama da shi: ɗaukar tsawon layi a matsayin ma'aunin buƙatar jama'a. Wannan kuskure ne mai cin dukiyar laburare a ɓoye, kuma manya ne suka fi faɗa masa, saboda lamba ce mai sauƙin sakawa a rahoton wata.

Wa ke kama layi? Mai waya da intanet, mai bin sharhin jaridu, wanda ya san ranar da littafi zai fito tun kafin ya fito. Shi ne kuma ya san adireshin da ake aika ƙorafi. Yarinya 'yar shekara bakwai da mahaifiyarta ta kawo ranar Asabar ba ta kama layi. Wajen kantar littattafai take zuwa, ta duƙa, ta zaro abin da ta gani, in ba ta ga komai ba ta koma gida. Haka dattijon da idonsa ya yi rauni yake neman bugu mai manyan haruffa. Haka baƙon da ya sauka ƙasar bara yake neman littafin koyon Turanci, ko na jarrabawar lasisin tuƙi, ko wani abu da harshensu na gida. Waɗannan ba su bayyana a rahotonki ko sau ɗaya, rashinsu ba ya yin ja a allon kowa. Duk kwafin da kika ƙara don kwantar da hankalin masu layi, daga kasonsu kika ɗebo. A shekara guda ba a gane ɓarnar. Sai an wayi gari sashen yara duk tsofaffin littattafai masu yagaggen bango, ɗakin ajiya kuma ga kwali-kwali na littafin da aka gama yayinsa ana neman inda za a kai. Ni dai ban yarda a kira wannan hidimar jama'a ba. Harajin kowa ne ya sayi littafin nan, har da wanda bai san akwai layi ba, kuma amana ce a hannunki.

Za kuma ki ji masu shawarar da ba su taɓa biyan rasit ɗaya ba suna cewa ai a ƙara na waya kawai, tunda shi ba ya ƙarewa. Yana ƙarewa sarai. Lasisi ake saya, mafi yawa mai karatu ɗaya a lokaci ɗaya, a kan kuɗin da ya ninka na mai saye don kansa. Tun 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ƙayyade aro 26, daga nan a sake biya. Penguin Random House ya koma lasisin shekara biyu a 2018. A Nuwamban 2019 Macmillan ya ce kwafi ɗaya tak kowane laburare zai saya a makonni takwas na farko, har laburaren King County a Amurka ya ƙaurace wa sababbin littattafan Macmillan na waya, kafin kamfanin ya janye a Maris 2020. Na takarda ko ya tsufa yana nan, wannan kuwa wa'adi na cika ya ɓace.

Da ni ne, zan ƙara kamar 15 yau ɗin nan, ba tare da jiran taron kwamiti ba, domin oda irin wannan in ta kwana a teburi uku tana neman sa hannu amfaninta ya wuce. In kuna da yarjejeniyar hayar littattafai da dillali, ki cike sauran da na haya, ki mayar idan layi ya faɗi. Ki ware kaɗan waɗanda ba a kama layinsu, irin Best Bets na laburaren Toronto, don wanda ya shigo da ƙafarsa ya samu. Ki nemi a rage aron wannan littafi zuwa mako biyu.

Sannan ki shiga wajen shugabarki da takarda ɗaya: ga layin bayan tankaɗe, ga yadda yake sauka, ga abin da kwafi 40 za su ci, ga kuma sashen da za a yanke wa kuɗin. Ki roƙe ta ta rubuta iyakar kwafin da za a iya saya wa kowane littafi ɗaya, ta sa hannu, kafin na gaba ya fito.