Tambaya da Amsa: Zan iya ƙara wa laftof RAM da hannuna?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ina da laftof HP EliteBook 840 G3 tokumbo da yayana ya bar mani, RAM ɗinta 4GB ne kuma wallahi nauyinta ya ishe ni, in na buɗe Chrome da Word tare sai ta tsaya cak in yi ta jira. Na kai wa wani mai gyara ya ce sai an ƙara RAM, amma kuɗin hannu da ya yanka mani ya kusa kuɗin RAM ɗin kansa. Mi ya kamata in yi, in sa da kaina ko zan ɓata ta?
Wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Za ka iya, aikin bai taka kara ya karya ba, inda mutane ke asara wajen saye ne ba wajen sawa ba. Don haka kar ka fidda ko sisi tukuna.

Kunna ta ka buɗe abubuwan nan da ke sa ta tsayawa, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance. In ka ga Memory ya cika ya kusa kaiwa ƙarshe to gaskiyar mai gyara ne. Amma ka leƙa Disk ma, in shi ne ke zaune a kan 100% kuma an rubuta HDD a wurin, wato tsohon nau'in faifan ajiyar kaya mai juyawa, to ko ka cika ta da RAM nauyin ba zai tafi duka ba, SSD take nema, wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri. RAM kamar teburin tela ne, in ya yi ƙanƙanta dole ya riƙa kwashe wani yadi kafin ya shimfiɗa wani, shi ya sa 4GB ke shan wuya da Chrome mai shafuka goma a buɗe. A wannan shafin na Memory za ka ga gurbi nawa take da shi da nawa ke da kaya a ciki.

Taka ɗin nan gurbi biyu gare ta kuma nau'in RAM da ake kira DDR4 take ci. Ka riƙe wannan da kyau, don yayyenta 840 G1 da G2 DDR3L suke ci, sunansu kusan ɗaya, kamarsu kusan ɗaya, amma RAM ɗinsu ba ya shiga na juna. DDR3 na laftof haƙora 204 gare shi, DDR4 kuma 260, sannan ƴar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba, in ka ga yana ƙin zama kar ka danna da ƙarfi, ba nata ba ne. Kuma ka ce na laftof kake so, SO-DIMM, gajere, don na babbar kwamfutar tebur dogo ne.

Shawarata ka sayi 8GB ka haɗa da 4GB ɗin da ke ciki ka samu 12GB, ya ishi ɗalibi har ya gama furojet. In aljihu bai kai ba 4GB ma ya yi, ka koma 8GB. In gudunsu ya bambanta ba matsala, duka za su bi gudun na ƙasa. Ko a nan Gusau ka samu ko aike ka yi Kano wajen Beirut Road, yawanci cirarre ne daga wata laftof za a ba ka, ba laifi ba ne, RAM ba ya saurin mutuwa, amma ku yi magana da mai shago tun farko cewa in bai tashi ba za ka maido.

To ga aikin. Kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba, cire caja, kifa ta a kan tebur mai tsabta ba kan katifa ko bargo ba. Kwance sukurorin ƙasa ka zuba su a murfin kwalba don kar su ɓace, ɗaga murfin a hankali da tsohon katin ATM, ban da wuƙa. Batirinta na ciki ne, shi za ka fara cirewa kafin ka taɓa komai. Sannan ka taɓa wani ƙarfe da hannunka, musamman da hunturu, ka san tartsatsin nan da rigar sanyi ke yi in ka tuɓe ta da dare, to shi kaɗai ya isa ya kashe RAM. Riƙe shi ta gefe-gefe kar yatsa ya hau haƙoran zinaren nan, daidaita tsagar da ta gurbin, tura shi a karkace har haƙoran su shige, sai ka kwantar da shi ƙasa, za ka ji ƙarafa biyu na gefe sun ce ƙas sun kama shi. Mai da batir, rufe, kunna. In ta ɗan jima da baƙin allo karon farko kar gabanka ya faɗi, in kuma ta ƙi tashi sam, cire shi ka sake zaunar da shi, galibi bai shiga sosai ba ne.

TAMBAYA: Malam ni kuma an sa mani 8GB amma kwamfutar na nuna 3 da ɗoriya kawai take amfani da shi, ko cutata aka yi?
Wata malamar makaranta, Talata Mafara.

AMSA: Malama da wuya in cuta ce, alamar Windows mai 32-bit aka ɗora maki, shi kuma ba ya iya wuce 4GB ko nawa aka sa. Ki shiga Settings, System, About ki duba System type. In 32-bit ne sai an sake ɗora mai 64-bit, kuma wannan sabon lodi ne, don haka ki kwashe takardunki da sakamakon ɗalibai a filash kafin ki miƙa ta.