Ajiye kwalekwale idan ruwa ya janye

Maigida, ruwan fadama ya janye, kuma mai kwalekwalen nan na katako da muka haɗa bara ya ce ba zai sake sa shi a ruwa ba sai damina. Yana so ya jawo shi tudu ya lulluɓe shi da baƙar leda. Me zan ce masa?

Ɗana, ka ce masa ya ajiye ledar nan tukuna. Abin da ke kashe jirgin katako a ƙasar Haɗejia da Nguru daga Nuwamba zuwa Maris shi ne bushewa. Katakon da ya yi wata biyar yana shan ruwa ya kumbura, iskar hunturu kuwa busasshiya ce ƙarau, tana zuƙe ruwan cikin gaggawa. Katako a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Falle mai faɗin inci 12 yana iya raguwa da kwatan inci ko fiye. Ƙusa ta riƙe shi gefe da gefe, ba shi da inda za shi, sai ya tsage ta bakin ƙusar, ko haɗin ya buɗe har ka hango haske.

In akwai gurbin da ruwa ke kwana har bazara, kuma da mai sa ido, to a nan ya fi. A cika jirgin da ruwa, a ɗora masa duwatsu, a ɗaure shi da turke ya nutse gaba ɗaya. Katakon da ke ƙarƙashin ruwa ba ya tsagewa, gara ba ta kai gare shi. Wanda rabinsa ke ruwa rabi ke rana, shi ne ke ruɓewa daidai layin ruwan.

In dole sai tudu, ka fara da wanki. Kwashe laka da ɓawon kifi, musamman a lungun haƙarƙari, wato itatuwan ciki da aka buga fallayen a kansu, domin nan danshi ke maƙalewa. A kai shi inuwa mai kauri, a kife shi a kan gungume uku, ɗaya a tsakiya, biyu kamar ƙafa huɗu daga kowane kai, idan jirgin ya kai ƙafa 20. Ka tsaya ka duba da idonka cewa ukun sun yi daidai. Wanda aka tallafe ta kai biyu kawai, tsakiyarsa za ta sauka a hankali, kuma jirgin da ya lanƙwashe ba ya komawa. Ya ɗaga daga ƙasa ƙafa ɗaya aƙalla. Gungumen a shafe su da baƙin mai, a share ciyawa da kara daga wurin, duk mako a leƙa ko gara ta fara gina hanyarta ta jar ƙasa. In an gani a kankare nan take.

Kan katako, inda zarto ya yanka, ya fi ko'ina saurin bushewa, daga can tsaga ke farawa. Shafa masa kwalta ko fenti mai kauri, gaba da baya. Maimakon leda, a kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, a yi rumfar zana a sama da tazarar taƙi biyu. Baƙar leda da rana gasa katako take yi, da dare ta tara gumi. Duk kwana uku ko huɗu a watsa masa bokiti biyu na ruwa da yamma. Filafili da gora a kwantar da su a ɗaki. In aka jingine su sai su karkace.

In da inji, kafin a cire shi daga ruwa a zare tiyon mai a bar shi ya ci na cikinsa har ya mutu, don fetur da ya daɗe yana zama danƙo ya toshe kafireta. A duba man giyar injin: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza. A ajiye injin a tsaye.

Ga wurin da nake so ka riƙe da kyau. Idan lokacin komawa ruwa ya yi, za ka ga haɗi ya buɗe, hannunka zai yi ƙaiƙayin cusa auduga da kwalta. Kada ka yi. In ka cika ramin tun katako na bushe, da ya sha ruwa ya kumbura ba shi da wuri, sai ya ture ƙusa ko ya bankare. Ka nutsar da shi a bakin ruwa kwana uku zuwa biyar, ka kwashe ruwan, ka zauna ciki ka ga inda yake tsattsafowa. Wurin kaɗai za ka sa wa alama da alli, ka fito da shi ya sha iska yini guda, sannan ka cusa auduga da sauƙin hannu ka bi da kwalta mai zafi. Ƙusar da ta yi zoben tsatsa a cire ta, a buga sabuwa inci ɗaya daga tsohon ramin, shi kuma ramin a toshe shi da ɗan tsinken katako.